Waya Biyu a Ƙafar Baya

Ranar kasuwar da ta wuce na ɗauki ƙafar kekena ta baya na shiga Magarya neman waya huɗu, irin wayoyin nan da ke riƙe wili. Na bi rumfunan masu gyara ɗaya bayan ɗaya, tun daga bakin tasha har bayan 'yan hatsi, ban samu ba. A rumfa ta ƙarshe mai gyaran, wani magidanci da hannunsa ke cikin injin moto, wato babur, ya ɗago ya dubi ƙafar, ya dube ni.

"Baba, wannan ai ta girmi ubana. Wa ke saƙa wili yanzu? Jefar da ita ka ɗauki sabuwa, ga su can a rataye."

Na je inda ya nuna. Suna walƙiya, ba su da nauyi, kamar farantin tangaran. Na sa farce na bi wayoyin ɗaya daga cikinsu. Kowace da muryarta, wata ta yi ƙara, wata ta yi laƙwas kamar igiyar shanya. Na ce masa wa ya ɗaure wannan?

"Inji, Baba, can ƙasar da ake yin su."

"In ta karkace fa?"

"Sai ka dawo ka ɗauki wata. Mu ma ai mu ci tuwo."

Waɗanda ke zaune a benci suka yi dariya. Na saɓa ƙafar a kafaɗa na dawo gida. Ni ba mai dogon karatu ba ne. Shekara uku na yi a lakkwal, makarantar boko, aka cire ni saboda gona, sauran a karatun manya na tsinta. Amma na iya jera abu bi da bi, kuma abin da ke raina tun ranar yana son jeri, don haka zan fara daga farko.

Lokacin da ƙarfina yake, koli nake yi. Allura, zare, madubi, kwalli, turare, ashana, in cika akwati biyu in ɗaure a kariya, in bi kasuwanni. Daga ƙauyenmu a ƙasar Bande in sauka Magarya, in leƙa Kwaya, in kai Yekuwa, in juyo in nufi Dungas, wani lokaci kwana biyar ban ga gida ba. Hanyoyin nan rairayi ne da turbar shanu, da saiwar gawo da ke ratsa tsakiyar hanya, da tsidau da ƙayar aduwa a ko'ina. Wanda ya yi irin wannan tafiya ya san keke ƙafafunsa ne. Sarƙa in ta tsinke za ka haɗa ta da dutse da ƙusa. Birki in ya mutu ka ja ƙafarka a ƙasa. Amma wili in ya naɗe a daji, kai ne za ka ɗauki keken, da shi da akwatunan. Har yau in na rufe ido ina jin sautin taya a kan rairayi mai ɗan danshi da sassafe, wani shuu mara yankewa, da ƙarar madubai cikin akwati, da mata masu daka da kan tsayar da taɓarya su ce ga mai koli nan ya iso.

Wanda ya koya mini sha'anin ƙafar keke wani tsoho ne a Magarya, gajere, mai ido ɗaya, da ke zama gindin wani dogon yaro da tabarmarsa da gwangwanayen kayan aiki. Ni mai kawo gyara ne kawai, amma ba ya yarda ya gyara maka ka tafi ba ka ga yadda aka yi ba. In ka ce za ka shiga kasuwa ka dawo sai ya ce, "Zauna nan. A daji ni za ka samu?" Ba shi da fara'a kuma ba ya yabo. Ranar da na fara daidaita wili da kaina a gabansa ya juya ƙafar ya kasa kunne, ya ce, "To, ba za ta kashe ka yau ba." Wannan shi ne yabo mafi girma da na taɓa ji daga bakinsa.

Ga yadda ya koya mini zaɓe. Na farko wili. Ka ɗaga shi ka ji nauyinsa, domin mai ɗaukar kaya yana son ƙarfe mai kauri, ko da baƙi ne ba ya ɗaukar ido. Ka nemi wurin da aka haɗe bakinsa biyu ka shafa da yatsa, in ka ji tudu ka ajiye. Ka kwantar da shi a kan daɓe, in ya yi rawa ka ajiye. Na biyu waya. Ƙafar gaba talatin da biyu sun ishe ta, ta baya sai arba'in, domin ita ke ɗauke da kai da kayanka. Su kasance masu kauri, kawunansu na tagulla, waɗanda tsatsa ba ta kama su har su ƙi juyawa ranar da kake buƙata. Na uku cibiya, wato gangar nan ta tsakiya inda wayoyi ke haɗuwa. Ka riƙe ta ka juya, in ka ji gurza kamar da yashi a ciki, boris, wato 'yan ƙwallayen ƙarfen da ke ciki, ya ci, kada ka saurari rantsuwar mai sayarwa. Na huɗu taya. Mai faɗi ake so saboda rairayi, kuma kafin ka sa ta ka samu tsohuwar taya ka yanke gefenta biyu ka shimfiɗa a ciki, ƙaya ta huda biyu kafin ta kai ga iska. Keken zai ƙara nauyi. Ya ce nauyin da kake tuƙawa ya fi sauƙi a kan wanda za ka ɗauka a ka.

Kula kuma tana da nata tsari, kuma shi ne na riƙe kamar alwala. Kowace safiya kafin in hau sai in kifa keken a kan sirdi da ƙaho, in ciro wata ƙusa da ba ta barin aljihuna, in ƙwanƙwasa wayoyin ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya, saba'in da biyu. Lafiyayyar ƙafa murya ɗaya take yi, tin, tin, tin. Wadda ta saki sai ta ce taf. Daga nan in juya ƙafar in riƙe gawayi dab da wili, inda ya shafa nan ne ya karkata. A nan za ka sa ɗan makullin waya, ka sassauta ta wannan gefe, ka ɗaure ta wancan, rabin rabin juyi, kada ka wuce. Mai gaggawa yakan ɗaure guda ɗaya tamau ya ɓata biyar. Iska kuma ba ɗaya ba ce kullum: a ƙasa mai tauri ka cika, in za ka shiga rairayi ka rage kaɗan. Bayan kowace damina in kwance cibiya, in wanke boris da kananzir, in sa sabon giris. Waya huɗu na ajiya suna ɗaure da roba a jikin keken, jakar fata tana ƙarƙashin sirdi da makulli da faci da sholisho a ciki. Mutanen gidanmu har dariya suke mini. Ƙanwata, wadda muke kira Auta, kafin a yi mata aure takan tsaya a kaina ta ce, "Yaya, yau ma kiɗa za ka yi mana kafin koko?"

Yanzu dubi abin da ake yi. Matashi ya hau moto ko duba iska bai yi ba, ya ɗora mutum uku da buhu, in ta lalace ya tura ta wurin wanda shi ma bai san komai ba sai cirewa da sakawa. Ba wanda ke kasa kunne ga ƙarfe. Kekunan da suka rage an bar wa 'yan makaranta, ƙafafunsu na rawa kamar na mashayi, kuma ba ya damun kowa. Hannun da ya iya saƙa wili daga waya ta farko zuwa ta arba'in ban san ko saura biyar a duk ƙasar nan ba, kuma ba wanda ya zo ya ce mana koya mini. Wannan yana ci mini rai. Amma ba zan yi ƙarya in ce zamaninmu ba shi da nasa aibi ba, domin ni na ɗanɗana shi.

Wata kaka, bayan an cire gyaɗa, mahaifiyarmu ta kwanta ciwo. Inna muke ce mata. Na bar yawon kasuwa na zauna gida. Ana cikin haka surukina, mahaifin matata, ya aiko a ba shi aron keke zai kai gyaɗa Bande. Dattijo ne mai mutunci, bai taɓa ɓata mini ba. A wurinmu a lokacin suruki ba a haɗa ido da shi, ba a cin abinci a gabansa, ba a kama sunansa, in za ka gaishe shi ka tuɓe takalmi tun daga nesa ka durƙusa. Wanda ba ka iya kallon idonsa ba za ka ce masa buhu ɗaya kawai za a ɗora ba. Na goge keken na aika masa.

Washegari da hantsi ya kawo shi da kansa, ya jingine a bakin zaure, ya zauna a tabarma don ya duba mai jiki. Ina durƙushe muna gaisawa sai Goggo, ƙanwar Inna, ta leƙo daga cikin gida.

"Auta take kira. Tun asuba sunan da ke bakinta ke nan. Tashi ka ɗauko ta, jikin nan ban yarda da shi ba."

Auta tana aure a wani ƙauye kafin Dungas, tafiyar rabin yini a keke. In na tashi a lokacin zan isa da azahar, mu juyo, kafin magariba muna gida. Surukina ya ce, "Tashi, ɗana, tashi maza. Ga keken nan, lafiya lau na kawo maka shi, ko ƙwarzane babu."

Na miƙe na kama ƙaho. Ido ɗaya na yi masa na ga jakar fata ba ta ƙarƙashin sirdi, wayoyin ajiya ma babu. Na gane an kwance su ne don a sami wurin ɗaure buhu, an manta su a gidansa. Hannuna ya shiga aljihu ya taɓa ƙusa. A nan na tsaya. Dattijo ya ce lafiya lau, ga shi zaune, ga maƙwabta biyu a gefensa. In na kifa keken a gabansa na hau ƙwanƙwasa, na ce masa maƙaryaci ke nan a bainar jama'a. In na ce Baba ina jakata, na ce ya riƙe mini kaya. Na fito da hannuna wayam. Na ce, "Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma." Na hau. Tun da na mallaki keke ranar ce ta farko da na hau shi ban saurare shi ba.

Sai da na yi nisa, gari ya ɓace, na tsaya gindin wani gawo na kifa shi. Ƙafar gaba lafiya. Ta baya na bi, tin, tin, tin, sai taf. Na ci gaba, sai wata taf. Waya biyu a gefen sarƙa sun karye daga gindi, suna maƙale a tsakanin 'yan'uwansu, ido ba zai gani ba. Na kusa da su uku sun saki. Da jakata tana nan aikin shan ruwa ne. Na tsaya ina lissafi: in na koma, sai na bi ta ƙofar gidanmu inda surukina yake zaune, in ce masa mu je gidanka ka ba ni kayana, kowa ya san dalili. In na wuce, ƙafar za ta kai ni, tunda ni kaɗai ne. Dawowa da mutum a baya shi ne abin tambaya, kuma na san amsar, tsohon nan na Magarya ya sha faɗa mini cewa biyu in sun tafi sauran bi suke. Na murɗe karyayyun a jikin na kusa da su don kada su shiga sarƙa, na ce Allah zai rufa asiri, na wuce.

Na sami Auta a tsakar gida tana ɓare gyaɗa, da goyon ɗanta na fari. Tana ganina ta saki ƙwaryar.

"Yaya, lafiya?"

"Inna ce ke kiranki."

"Tana magana?"

"Tana magana. Ɗauko mayafinki."

Mijinta ya rako mu bakin gari. Ya dubi keken ya ce, "Zai ɗauke ku, ku uku? Ga jaki in kuna so." Na ce jaki sai gobe zai kai mu, keken nan kuma akwati biyu yake ɗauka shekara da shekaru. Duka gaskiya ne, amma ban faɗa masa sauran ba. A ƙauyen babu mai gyara, babu mai keke ma balle in ari waya.

Ta zauna a kariya, ta riƙe rigata. Na tuƙa a hankali, ina kauce wa kowace saiwa, inda rairayi ya yi zurfi in ce ta sauka mu tura. Mun ci kusan rabin hanya sai na ji tas a bayana. Ta ce, "Yaya, mene ne?" Na ce tsakuwa ce. Can gaba wata tas. Wili ya fara shafar ƙarfen keken, kowane juyi sai ya ce shak. Rana ta karkata, la'asar ta yi, ni kuma maimakon in tsaya sai na ƙara sauri, kamar zan riga ƙafar isa gida. A gangaren wata korama, wurin da shanu suka farfasa ƙasa, ƙafar ta naɗe gaba ɗaya kamar gammo. Muka zube a rairayi. Allah ya kiyaye yaron, kuka kawai ya yi. Auta ta gurje gwiwa da hannu.

Ta tashi ta jijjiga goyonta har ya yi shiru, sannan ta zo ta tsaya a kan ƙafar tana kallo.

"Kai da ba ka hawa sai ka ƙwanƙwasa? Yau ce ka manta?"

"Na ƙwanƙwasa."

"Ba ka ji komai ba?"

"Na ji."

Ta dube ni. Tun da aka haife ta ba ta taɓa kallona haka ba.

"Ka ji, ka ɗauko ni?"

Ba zan iya cewa surukina ne ba, domin ko a daji suruki suruki ne, kuma ba shi ya ɗora ta a kariya ba. Na saɓa keken zuwa wata bukkar gona na bar wa mai ita ajiya, muka kama hanya da ƙafa. Gwiwarta ta kumbura, tafiyar ta zama ja. Duhu ya same mu a wani ɗan ƙauye, mutanensa suka hana mu wucewa da jariri, muka kwana. Da aka yi sallar asuba muka tashi. Hantsi ya ɗaga muna shiga gari, muka yi kiciɓis da maza suna dawowa daga maƙabarta, da fartanya da makara wayam. Auta ta zauna a tsakiyar hanya.

Daga baya Goggo ta faɗa mini, ban tambaye ta ba, cewa Inna tana cikin hankalinta har bayan magariba. Duk motsin da ta ji a zaure sai ta ce, "Su ne?" Har ta sa aka ajiye wa Auta fura.

Ran sadakar uku surukina ya sa aka kira ni bayan gida. Ya ciro jakar fata da wayoyi huɗu daga aljihun babbar rigarsa ya ajiye a ƙasa tsakaninmu. Shi yana kallon gabas, ni ina kallon ƙasa.

"Ɗana, buhu uku na ɗora. A hanyar Bande na faɗa wani rami, na ji abu ya ce tas, tas. Na so in faɗa maka da na kawo shi. Na ji nauyi, a ce na ari abin surukina na ɓata."

Na ce, "Ba komai, Baba. Kwana ne ya ƙare."

Abin da ake faɗa ke nan, kuma na faɗa. Kwananta ya ƙare, wannan haka yake, keke ba ya ƙara wa kowa numfashi. Amma ganin 'yarta yana hannunmu, mu biyu, magidanta masu gemu, kowa ya san abin da ya ji da kunnensa, kowa ya rufe baki don kada ɗaya ya ji kunya. Ita ce ta biya, ita da Auta. Yau ina ganin samari suna kwance suna magana da surukansu a salula, ƙafa ɗaya kan ɗaya, raina ya ɓaci in yi ta faɗa. Sai kuma in tuna da a ce akwai wannan abin a lokacin, da an kara wa Inna shi a kunne ta ji muryar Auta, da moto ta kawo ta kafin furar ta yi tsami. Abin da muka iya ya wuce ba wanda ya karɓa, abin da zai cece mu kuma bai zo ba sai da muka gama binne mutanenmu. Ban san da wanne zan fi jin haushi ba.

Washegari na je na ɗauko keken, na kai ƙafar Magarya wurin tsoho. Ya juya ta a hannu, ya bi karyayyun da yatsa.

"Biyu ne suka fara, kuma kaya ne ya karya su. Wa ya hau?"

"Ni ne."

"Ƙarya kake. Zauna."

Ya zaɓo mini wili baƙi mai kauri, ya tura mini gwangwanin wayoyi, ya ce in saƙa da hannuna. Yini guda na yi a kai. Ban taɓa ɗaure ƙafa kamar wannan ba, arba'in ɗin nan murya ɗaya, gawayi bai shafi ko'ina ba.

Bayan sadakar bakwai mijin Auta ya zo, ta yi shirin komawa gidanta. Na fito da keken ƙofar gida, na naɗe zane na shimfiɗa a kariya don kada ƙarfe ya dame ta, na kifa shi a gaban kowa na ƙwanƙwasa gaba da baya, na mayar da shi tsaye. Ta fito da ƙullin kayanta. Na ce, "Auta, zo in kai ki. Na gyara shi, sabuwar ƙafa ce."

Ta dubi keken, ta dube ni, ba fushi a fuskarta.

"Bar shi, Yaya. Yanzu ba sauri nake ba."

Ta gyara goyonta, ta ɗora ƙullin a ka, ta bi bayan mijinta da ƙafa. Na tura keken ina binsu har bakin gari, ba ta waiwayo ba.